Zauren da Aka Ce a Rushe

Ku samarin da ke zama a bencin mai shayi da yamma, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan da na wuce da laka har gwiwa. Cewa ya yi ginin ƙasa ba sana'a ba ce, wasan yara ne da wasu tsofaffi suka ƙi bari: a kwaɓa, a mulmula, a ɗora, shi ke nan. Sauran kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don a gajiye nake kuma la'asar ta gabato. Yau na sami zama, to ku matso.

Sunana Ummaru, Ummaru Magini ake ce mini. A nan unguwar tamu ta bayan Hubbare, cikin birnin Sakkwato, aka yanke mini cibiya, kuma da wuya ku nuna mini lungun da ban taɓa hawa katangarsa ba. Wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Ibro, na koyi aiki. Ranar da aka kai ni wurinsa yana bisa katangar wani gida, ya hau ta kamar mai hawan jaki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa ba tare da ya duba ba. Ya leƙo ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Shiga can." Can ɗin tulin ƙasa ne da aka jiƙa, an zuba masa yankakkiyar ciyawa da kashin doki. Na naɗe wando na shiga. Rani uku cur ina wannan tattaki kafin ya bar ni in taɓa bango.

A lokacin na ɗauka mugunta ce. Ashe da ƙafa ake fara sanin ƙasa. Akwai mai yashi da yawa, wadda ke marmashewa in ta bushe. Akwai mai danƙo da yawa, wadda ke tsagewa. Ta kirki ita ce ja mai 'yar tsakuwa, kuma ko ita ba a gini da ita ranar da aka kwaɓa. Sai an jiƙa, an tattake, an bar ta ta kwana, an sake jiƙawa an sake tattakewa, kwana da kwanaki, har ciyawar ta ruɓe a ciki ta soma warin da mai wucewa zai toshe hanci. Kawu yakan ɗebo ta, ya sansana, ya matse a tafin hannu. In ya jefar ya juya baya, to da saura. In ya ce, "Ta nuna," ranar za a hau bango.

Kayan aikinmu kuwa mutum ɗaya zai kwashe su a tafiya ɗaya. Diga da shebur na haƙa, kwando na ɗiba, gizago na gyaran azara, igiya ta ɗauri, sai tsani. Cokalin gini da ma'aunin da kuke gani a hannun masu bulo, mu ba mu tashi da su ba. Tafin hannu ke yaɓe, ido ke awo. Kawu yakan ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce bangon ya karkata gabas da kaurin yatsa. In aka ɗaura dutse a igiya aka saki daga sama, sai a tarar haka ne.

Aikin da ya fara nuna mini girman sana'ar shi ne soron wani attajiri mai sayar da yadi a kasuwa. Yana son ɗaki bisa ɗaki, kuma yana son taga ta yamma don iska. Kawu ya hau tsani daidai inda tagar za ta zauna, ya duba, ya sauko.

Ya ce, "Alhaji, ba a taga nan."

Alhaji ya ce ai gidansa ne, shi zai faɗi inda za a yi taga.

Kawu ya ce, "Gidanka na, amma tsakar gidan maƙwabcinka ba taka ba ta. Daga nan ana hangen iyalinai suna daka."

Suka yi ta ja har kwana biyu, mu ma'aikata muna zaune a inuwa. A rana ta uku aka fitar da taga ta arewa, ƙarama, can sama. Tun daga nan na gane cewa a tsohuwar unguwa irin tamu, inda bangonka shi ne bangon na kusa da kai, magini sai ya san inda indararon kowa ke zubar da ruwa, da lungun da ake bi da gawa, da gidajen da ba sa ga maciji da juna.

A wannan soron ne na fara ɗaura bakan gizo. Azara, wato tsagin namijin giginya, gara ba ta cinta, amma gajera ce, ba ta haye babban ɗaki daga bango zuwa bango. To yaya za a rufe faffaɗan zaure ba ginshiƙi a tsakiya? Sai a kafa azara a cikin bango ta ɗan sunkuyo ciki, a ɗaure, a yaɓe, a jira ta bushe. A ɗora wata bisa ta ta ƙara sunkuyowa, a ɗaure, a yaɓe, a jira. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, har su haɗu a sama su riƙe juna. Kowane bango da ƙafarsa, kuma nauyin rufin duka a kan ƙafafun nan yake. Wanda ya ɗora sahu na biyu kafin na farko ya bushe ya gina wa mutane kabari.

Na san wannan sarai, amma duk da haka na faɗa. Shekarar da ta karya ni ta zo ne bayan rasuwar Kawu, lokacin da nake ganin na isa. Malam Isa mai hatsi ya kira ni in gina wa ɗansa ɗakin amarya. Bazara ta riga ta yi nisa, biki ya matso. Na ce masa ƙasar ba ta nuna ba, ya ce ai ni gwani ne, zan san dabara. Maganar ta yi mini daɗi. Kwana uku kacal ƙasar ta yi na hau gini da ita, kuma ina ɗora sahu bisa ɗanyen sahu. Ɗakin ya yi kyau a ido, aka kawo amarya, aka yi jere.

Da marka ta kama, aka yi kwana uku ana ruwa ba ɗaukewa. Da hantsin rana ta uku, amarya ta fita madafa ke nan, bangon gabas ya kwanta cikin ɗakin, rufi ya bi shi. Gado da kwanoni da akwatuna duk suka tafi. Allah Ya tsare, ba rai ko ɗaya. A daminar nan katangu da yawa sun faɗi a gari, amma tsofaffi ne da aka daɗe ba a yi musu yaɓe ba. Nawa sabo ne fil, wata biyu da gamawa. Da ma siminti da kwano sun shigo, mutane suna neman dalili, sai ga shi na ba su. Daga ranar duk wanda zai yi gini a unguwa sai ya ce, "A sa bulo, kada a yi irin ta gidan Malam Isa."

Shekaru masu yawa na yi ba wanda ya kira ni aikin kirki a cikin birni. Na yi leburanci wurin masu bulo, ina miƙa wa yaran da na girme su kwanon siminti. Na gina tanderun burodi a unguwannin Tudun Wada da Gidan Igwai, don masu burodi har gobe sun san ba abin da ke riƙe zafi kamar ƙasa. In rani ya yi sai in ɗauki gizagona in shiga ƙauyuka ina gina wa manoma rumbu. A can hannuna ya ƙara faɗawa, don baƙauye ba ya gaggawa da rumbunsa, abincin shekararsa zai zuba a ciki.

Yanzu ga maganar zauren mai unguwa, wanda kuke shiga ku sha sanyi da rana ba ku san yadda aka yi ya tsaya ba. Tun kafin a haifi kakannina yake nan. A cikinsa ake raɗa sunan kowane jariri na unguwar nan, a cikinsa ake ɗaura aure, a cikinsa ake zaman gaisuwar mutuwa. In maƙwabta sun saɓa a kan kwata ko iyakar bango, nan ake zaunar da su. Baƙi masu zuwa ziyara Hubbare daga nesa, in rana ta buge su, nan suke shigowa a ba su ruwan randa su miƙe ƙafa. To wata damina ta wuce ta bar masa tsaga daga kan ƙofa har cikin rufi, tsagar da hannu ke shiga. Aka kwashe tabarmi, aka ja ƙyaure. Suna da ɗaurin aure suka koma bakin titi ƙarƙashin rumfar haya, ana addu'a 'yan kabu-kabu suna ta oda a bayan liman.

Mai unguwa, Alhaji Garba, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Babban ɗansa Nasiru injiniya ne, yana aikin manyan gine-gine a Abuja. Ya zo gida da zane a takarda: a rushe zauren, a yi ɗakin taro na bulo da kwano da fanka. Ba da mugun nufi ya zo ba, yaron kirki ne. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar a taru a ƙofar masallaci a yanke magana.

Ana jibi taron na ɗauki tsani na hau zauren ni kaɗai, ba wanda ya aike ni. Na bi bangon ina ƙwanƙwasawa da bayan gizago. Abin da na tarar shi ne, shekarun baya wani ya shafe bayan zauren da siminti don ya yi kyau, har ya toshe rabin bakin indararon gabas. Ruwa ya rasa hanya, ya dinga bi ta bayan simintin yana kwanciya a ƙafar bakan gizo guda. Ƙasa tana son ta sha iska ta bushe, siminti ya hana ta. Sauran ƙafafu uku kuwa, in ka buga sai ka ji amo kamar ka bugi turmi.

A wurin taron Injiniya ya buɗe takardarsa ya yi bayani, mutane suna ta gyaɗa kai. Da ya gama na miƙe. Na ji wasu suna gyaran murya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, zauren ga bai mutu ba. Ƙafa guda taj jiƙe, saura ukku lafiya lau. In an ba ni, ina tashe shi."

Injiniya ya ce, "Baba Ummaru, ba raini ba, amma maganar rayuka ake yi. In ya rufto kan jama'a ranar suna, wa za a tambaya?"

Kafin in amsa sai Malam Isa mai hatsi ya ɗaga sandarsa daga inda yake zaune. Ya ce, "Ranka shi daɗe, a tuna dai. Wanga shi yag gina min ɗakin da yaf faɗi bisa kayan amarya."

Shekara da shekaru ana faɗin maganar nan a bayana, ranar aka fara faɗinta a gabana.

Na ce, "Gaskiya ta, Malam Isa. Ni na gina shi, kuma na san abin da ya kashe shi. Gaugawa ta, tawa da taka. Ka ce biki ya matso, ni kuwa na ji kunyar ce maka a'a. Ban ƙara jin wagga kunya ba har yau." Na juya wajen mai unguwa. "A ba ni daga yanzu zuwa ruwan fari. Kowa shi zo shi ga abin da nika yi. In ruwa ya sauka anka ga ɗigo guda a ciki, ni za ni fara sa mai diga da hannuna, kuma ba ni ƙara hawa bangon kowa."

Mai unguwa ya murza tasbaharsa. Can ya ce, "Nasiru, cikin zauren ga anka raɗa min suna. Cikinai anka ɗaura aurena da uwarka. A ba shi rani guda. Takardarka ba ta ruɓewa, aje ta."

Washegari na gane cewa na yi alkawarin da hannuna kaɗai ba zai cika ba. Kayan da ake wannan aiki da su an daina sayar da su a kasuwa. Rufi yana son laso, shafen da ke hana ruwa shiga, kuma laso ba ya yiwuwa sai da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin akuya daga majema. Bango yana son makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Ga azara, ga ƙasa, ga ruwan kwaɓi a tsakiyar rani, lokacin da famfo kan yi mako bai kawo ba. Na zauna a ƙofar zauren ina lissafa wa ladan abubuwan nan, shi kuwa da aka sallame azahar sai ya miƙe ya faɗa wa jama'a.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Wani tsohon marini da ya bar sana'a ya kai mu tsofaffin rijiyoyin rini na gidansu da aka cike da shara, matasa suka tone, muka sami katsi fiye da buƙata. Majema suka aiko da gashi buhu-buhu. Wani direban babbar mota ɗan unguwa, mai kai albasa kudu, ya dawo mana da azara a maimakon ya dawo wayam. Na aika wa manoman da na yi wa rumbuna, ranar kasuwa sai ga makuba a kan jakuna har ƙofar zaure. 'Yan ga-ruwa suka yanke wa kansu kowa kura ɗaya kowace safiya kafin ya fara sayarwa. Tattakin ƙasa kuwa, teloli da mahauta da 'yan kabu-kabu suka raba kwanaki. Ran nan har liman ya naɗe wando ya shiga, aka yi ta roƙonsa ya fito ya ƙi.

A mako na biyu aka sauke buhun gero a gidana, aka ce na kunun ma'aikata ne, daga Malam Isa. Bai aiko da wata magana ba. Bayan kwana biyu sai ga shi da kujerarsa, ya kafa ta a inuwar da ke kallon tulin ƙasa. Daga ranar kullum yana nan. In wani ya ce, "Magini, yau dai a hau bango mana," kafin in buɗe baki Malam Isa ya ɗaga sanda: "Ku ƙyale shi! Ba ta nuna ba."

Ranar da muka buɗe ruɓaɓɓiyar ƙafar ita ce ranar da aikin ya kusa kashe ni. Na kakkafa azara shida a ciki na tokare rufin, sannan na fara sare jiƙaƙƙiyar ƙasar da gizago ina zare ruɓaɓɓun itatuwa ɗaya ɗaya. Da na zare na huɗu sai rufin ya yi wata ƙara kamar an taka busasshen kara, ƙasa ta zubo mini a ka. Masu taya ni suka yi waje da gudu. Na ɗaga kai na ga tsagar ta ƙara buɗewa, kuma biyu daga cikin tokaran sun fara lanƙwasa. In na fita, rufin ya tafi. In na tsaya, ba ni da abin da zan ƙara masa. Na rungume tokara ɗaya na sa kafaɗa, ina kiran a miƙo mini azara, ba wanda ya iya shigowa.

Injiniya Nasiru yana gari a ranar, yana tsaye a waje yana ɗaukar hoto da waya. Na ɗauka shaidar da zai nuna wa mahaifinsa yake tarawa. Ya leƙo, ya dubi rufin, ya ce, "Baba, fito! Fito, ka ba ni rabin awa." Na fito, don na ga idonsa ba na mai gardama ba ne. Ya shiga mota ya fita da gudu. Muka tsaya a rana muna kallon zauren yana zubar da ƙasa kaɗan kaɗan. Sai ga shi da a-kori-kura cike da tokaran ƙarfe masu zare, irin na wurin aikinsu, ya aro wurin wani abokinsa. Ya tuɓe babbar riga ya jefa wa wani, ya saɓi ɗaya ya shiga gabana.

Ya ce, "Ina za a sa?"

Na ce, "Nan, da nan, da ƙarƙashin waccan gaɓa."

Muka kafa, yana murzawa ina kallon tsagar, har na ga bakinta ya fara komawa. Na ce ya isa. Muka zauna a ƙasa cikin ƙura muna haki. Da numfashinsa ya dawo ya ɗauki gizagona ya sari wata tsohuwar azara ta ɓangaren da bai jiƙe ba. Gizagon ya yi tsalle ya dawo, ko alama bai yi mata ba.

Ya ce, "Baba, wannan tun yaushe take nan?"

Na ce, "Tun kakan kakanka."

Daga ranar duk ƙarshen mako yana hanya, kuma shi ya sa aka ɓamɓare simintin bayan zauren gaba ɗaya.

Sabuwar ƙafar ta ci mako biyar. Sahu ɗaya, ɗauri, yaɓe, jira. Zafin bazara ya sauko irin na Sakkwato, wanda ƙarfe ba ya taɓuwa da rana, sai muka koma farawa daga sallar asuba mu tashi kafin azahar. Gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma, mutane suna duban sama suna dubana. Ban ƙara sauri ba ko da na yini ɗaya. Ranar da sabuwar ƙafa ta haɗu da 'yan'uwanta a sama, na bar ta kwana bakwai, sannan muka sassauta ƙarafan Injiniya zare ɗaya zare ɗaya, ina manne da kunne a bango. Ba ta yi ko tari ba. Muka hau rufi muka shafe shi da laso hannu biyu, muka sa sabon indararo mai faɗi, muka yi wa bango makuba har ya yi ja yana sheƙi. Wannan shi ne abin da ɗan'uwanku ya kira a kwaɓa, a mulmula, a ɗora.

Daɓen ƙasa aikin mata ne, kuma ba su bari an roƙe su ba. Goggo Hajo mai masa, wadda ta fi kowace mace a unguwa baki, ta zo ta tsaya a ƙofa ta ce, "Magini, kun gama naku, ku ba mu wuri. Kada in ga namiji nan sai la'asar." Suka shigo da madaɓai, tsofaffi da matan aure da 'yan mata, mai ɗakina Asabe tana cikinsu. Yini guda ana jin dukan daɓe da waƙa har bakin titi. Da suka fita, ƙasan zauren ya yi sumul kamar bayan ƙwarya.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka mayar da randa, amma ba wanda ya ce an gama. Kowa ruwa yake jira. Aka yi yayyafi sau biyu, wanda ko ƙura bai kashe ba. Mai unguwa ya ce ba za a yi ta jira ba, ɗaurin auren 'yar wani mahauci da ke tafe ranar Asabar a cikin zaure za a yi shi.

Ranar Asabar bayan azahar zauren ya cika. Ana cikin raba goro sai gari ya yi duhu, iska ta taso ta gabas tana kwasar leda da buhunan banza. Kafin liman ya buɗe baki ruwa ya sauko kamar ana juye shi da masaki. Waɗanda ke waje suka danno ciki. Wata ƙungiyar baƙi da suka fito daga ziyara, mutanen Nijar da rawunansu, su ma suka faɗo, har ba wurin sa ƙafa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ta ciki, ruwa na dukan bayana.

Liman ya fara huɗuba, ya ɗaga ido ya ga ba mai kallonsa. Waliyyin ango, waliyyin amarya, maroƙi, kowa ya ɗaga haɓa yana kallon rufi.

Ya ce, "Jama'a, aure munka zo ɗaurawa, ba ƙidayar azara ba. Ku yi salati."

Aka yi dariya, aka yi salati, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Ruwa bai tsaya ba, ba wanda ya iya fita. Indararon gabas yana ta feshi har tsakiyar lungu. Aka yi la'asar a nan cikin zauren, sahu a matse. Da aka sallame, Injiniya ya kunna fitilar wayarsa ya bi kusurwa huɗu, yana tsallake ƙafafun mutane, yana shafa bango da tafin hannu. Ya daɗe a ƙarƙashin sabuwar ƙafar. Sannan ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa.

Ya ce, "Baba, a bushe yake. Ko'ina."

Zauren ya ɗauki kabbara. Mai unguwa ya ce, "Ina Ummaru?" Aka tura ni gaba, hannu bayan hannu, rigata tana ɗiga. Ya lalubo hannuna ya zaunar da ni a kan buzunsa, inda ban taɓa ganin wani ya zauna ba sai shi. Ya ce, "Allah Shi jiƙan Ibro, ya bar muna magini." Malam Isa ya ratso da sandarsa ya miƙo mini hannu biyu. Wani tsoho cikin baƙin nan ya tambayi wane ne ya yi aikin, da aka nuna ni ya ce a garinsu akwai masallacin ƙasa da ke neman irin wannan hannu, ko zan je. Na ce sai bayan damina.

Sai dab da magariba ruwan ya tsagaita. Na biyo lungu ruwa har idon sawu, ina dafa bango. Mata ba su je ɗaurin aure ba, suna cikin gidaje tun da hadari ya taso, kuma ba wanda ya kai musu labari. Ina yin sallama na tarar da Asabe tsaye a ƙofar ɗaki, ta riƙe ludayi, tuwo ko ɗorawa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, yaya?"

Na ce, "Ko ɗigo."

Matar nan mai jikoki goma sha wani abu, ta ajiye ludayi ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ta bayan katanga maƙwabciyarmu ta karɓa. Can na ji muryar Goggo Hajo ta ɗauka, sai gida na gaba, sai na gaba da shi. Ina tsaye a tsakar gida da jiƙaƙƙiyar riga ina jin guɗar tana tafiya gida gida, har ta kai ƙarshen unguwa inda kunnena ya daina kamawa.